Hannu da Hannu Har Tashar Gummi

Shekara shida ke nan da aka kashe yayana Bello a hanyar Anka zuwa Gummi, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne labarin da na ji a rediyo, cewa gwamnati na shirin jawo ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta su zo karatu makarantunmu, ilimi ya zama abin da muke fitarwa waje kamar wake da shanu. Na kashe rediyon, na zauna ina tunanin abin da Yaya zai ce.

Shi ya fara wannan aiki tun ba a sa masa suna ba. Malamin Turanci ne a wata sakandare a Anka. Wasu fatake daga Nijar da ke cin kasuwar Gummi suka ji labarinsa, suka riƙa kawo masa 'ya'yansu, don can da Faransanci ake karatu. Ya sama musu gurbi a makaranta, ya ba su ɗakin zaure, Inna tana dafa musu. Sharaɗinsa ɗaya ne: hannu da hannu. Uba zai kama hannun ɗansa ya sa a na Yaya. In hutu ya zo, Yaya zai raka yaron har tashar Gummi ya mayar da hannun inda ya karɓo shi.

Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, Inna ta yi masa magana.

"Bello, ka ba direba su mana. Samari na fa, ba jarirai ba."

Ya yi dariya. "Inna, direba ya amshe su? Ni na amsa, ni ka maida su."

Direbobinmu suna da dabara. Ba sa fita gari sai mota ta iso daga ɗaya ɓangaren, sun tambayi mai ita yadda ya baro hanya. Ran da abin ya faru mota ta iso, direbanta ya ce lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa. 'Yan bindigar sun san dabarar. Suna kwance cikin ciyawa suka bar shi ya wuce.

Ɗalibai biyu Yaya ya raka, Isufu da Hamidu. Na tambayi kowanne shi kaɗai, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Sun wuce mararrabar Bukkuyum kaɗan aka buɗe musu wuta. Harsashi ya sami direba a wuya, motar ta faɗa kwazazzabo. Wata mata da ke kujerar gaba ba ta ƙara motsi ba. Aka jawo sauran ta taga, ana dukansu da gindin bindiga, aka kwantar da su ruf da ciki a kan kwalta, jinin direba na gangarowa inda suke. Aka fara zaɓen waɗanda za a kora daji. Wani ya taka kan Hamidu ya tambaye shi daga ina, yaron ya faɗi gaskiya. Suka ce 'ya'yan fatake ne, a ɗaure su.

Nan Yaya ya miƙe ya kama wuyan hannun kowannensu. "Ku tahi da ni," ya ce. "Waɗanga amana ta." Suka ce ya saki, ya ƙi. Aka sare shi da adda a damtse har ƙashi ya bayyana, bai saki ba. Aka sake sara. Sannan aka harbe shi a ƙirji, ya faɗi ya ja yaran ƙasa tare da shi. Ana kokawar raba su sai ga ƙarar motocin jami'an tsaro, maharan suka gudu da waɗanda suka riga suka ɗaure. Isufu ya ce sai da aka ɓamɓare yatsun Yaya ɗaya bayan ɗaya daga hannunsa.

Me zai ce da shirin yau? Na san zai yi murna, don ya daɗe yana cewa muna da abin koyar da maƙwabta. Amma zai saurara har ƙarshe, ya ji an lissafa gine-gine da ɗakunan kwana, sannan ya tambaya: wa zai tarye su, wa zai raka su? Har yau motocinmu suna tsayawa bakin gari suna jiran mai fitowa. Uban da ke can Nijar ba gini yake tambaya ba, so yake ya san hannun da zai sa ɗansa, da hanyar da za a maido masa shi.

Watan jiya Isufu ya kira ni. Da Turancin Yaya yake aikin tafinta yanzu. Ya ce ƙanensa na son zuwa, kuma mahaifinsu ya ce gidanmu kaɗai ya yarda da shi. Ya san na kusa gama kwalejin horar da malamai. Na ce su same ni tashar Gummi.

Inna tana bakin murhu, ta ji komai. Ba ta ɗago ba.

"Kai ma har Gummi?"

"Har Gummi, Inna."

Sai ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta nufi ɗakin zaure.