Ranar da Ruwa Ya Guje wa Abba

Ranar wata Juma'a, sha huɗu ga Sha'aban, ina 'yar shekara tara, na tsaya a bakin teku a Yanbu na kasa rufe baki. Ruwan da muka bari da safe yana kai wa mahaifina ƙugu ya tafi. Babu shi sai can nesa, ga ragarmu kwance kan duwatsu, rana tana gasa ta.

Abba ɗinki yake yi a wani ɗan shago a Aziziyya cikin Madina, amma kafin ya zo Saudiyya masunci ne a Tafkin Chadi, kuma bai taɓa barin mu manta ba. Ina tsince masa zare a ƙasa, yana taka keke, yana cewa, "Ni ruwa ko tari ya yi na san nufinsa." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ragar kuwa kakana ne ya saƙa ta da hannunsa, shekara da shekaru tana cikin buhu a ƙarƙashin gado, ko taɓa ta ba ma yi, sai ranar nan da ya ɗauko ta muka zo Yanbu.

Da hantsi ya kafa turaku ya ɗaure ta yadda ake yi a tafki, muka tafi masallaci hankali kwance. A tafki ruwa inda ka bar shi nan za ka same shi. Da muka dawo, ƙaguwa da tsuntsaye sun cinye 'yan kifayen da suka shiga, ruwan kuma da zai janye ya ja ragar kan duwatsu masu kaifi, ta yi kaca-kaca. Wani tsohon masunci Balarabe ya dube mu ya girgiza kai. "Ya Hajji, ba ka duba wata ba? Idan ya cika, bahar cika yake sosai, ya kuma janye sosai. Yau ba a barin raga a nan."

Na jira Abba ya yi musu. Bai yi ba. Ya durƙusa yana tattara tsummokaran, ya tambayi tsohon da ƙaramar murya, "To yaushe zai dawo?" Wallahi tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin ya tambayi kowa komai game da ruwa ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke duba lokacin cikar teku da janyewarsa, cikin daƙiƙa guda, suna amsa mini da Larabci. Abba ya yi shekara ashirin bayan wannan rana yana ɗinki, ni kuma na yi ta jira ya ƙara ba mu labarin tafki. Har ya koma ga Allah bai ƙara ba.