Ƙullin da ke wuyan goran iri

Ina kwalejin horon malamai a Birnin Kebbi, zamanin da muke cikin Jihar Sakkwato, na kamu da son gajerun labaran nan da wata tsohuwa ko wani malami shiru-shiru ke gano mai laifi bayan 'yan sanda sun gaji. Ƙawayena suna cewa ƙarya ce. Ni ban taɓa musu da labaran ba, don muna da irinta a gida, wato Goggo, yayar mahaifina, mai sayar da daddawa a Augie.

Baba manomin albasa ne. Irin da zai shuka, a cikin gora yake zuba shi, ya toshe bakin da tsumma, ya ba Inna ta rataye a ɗakinta. Wata shekara ya yafa iri a fadama, ya yi ta ban ruwa har mako uku, ko tsiro ɗaya bai gani ba. Ƙanensa, Baffa, shi ya fara cewa ai mace ce ta bar goran kusa da murhu, zafi ya kashe irin. Baba mutum ne mai saurin hawa. A gaban mutanen gida ya kira Inna sakarya, ya ce ta tafi gidansu Argungu. Na dawo hutu na tarar da ɗakinta a rufe.

Goggo ta zo ran kasuwa, ta ajiye ƙwaryarta, ta ce a ba ta goran. Ba ta ma buɗe shi ba. Igiyar wuyansa ta yi ta juyawa, tana kai ta kusa da ido.

"Wa yaɗ ɗamre wanga?" ta tambayi Baba.

"Wa kuwa, in ba ita ba?"

"A'a. Matarka zarge ɗaya takai, kamar na bakin buhu. Wanga ƙullin taru na. Hannun da yas saba da gyaran taru ba shi iya wani ƙulli, ko shina sauri."

A gidanmu kaf mutum ɗaya ya taɓa zama wurin masunta, shekara huɗu yana bin su ruwa. Baba ya sa takalmi ya nufi gonar Baffa, na bi shi. Ga albasa nan kore shar, alhali kowa ya san irinsa ya kwana biyu, tun na bara waccan ne. Ashe juye namu ya yi, ya cika goran da mataccen nasa.

Baffa ya yi kuka, dattawa suka sa baki, Baba ya yafe. Aka kai goro Argungu aka dawo da Inna. To amma wa ya kira mutanen nan ya wanke ta a gabansu? Babu. Har ta rasu ba ta sake yarda an ajiye ko allurar Baba a ɗakinta ba.

Ni na riƙe, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekara da shekaru ina gaishe da Baffa a tsaye, ban taɓa cin ko loma daga gidansa ba. Da ya tsufa, ido ya tafi, ya aika a kira ni. Ya lalubo hannuna.

"Ɗiyata, ki yahe mani."

Na zare hannuna a hankali.

"Baffa, ba ni anka yi ma ba. Wadda anka yi ma ta jira ka shekara goma sha, ba ka zo ba."