Likitan Ne Ke Suma

Ina zaune a ofishin masu rubuta manhaja ina jiran ƙanwata, idona na kan wata mata a teburin lungu. Ta ba hamsin baya, gilashi a ƙarshen hanci, ta cire takalmi ɗaya ta ture gefe.

Manhajar adana bayanan marasa lafiya ta wani asibiti suke gyarawa, gobe za a miƙa ta. Saboda girmanta, abin da suke bin kurakurai da shi layi-layi yana rufe kansa da zarar an loda masa ita.

"Anti, mu sake kunna kwamfutar mana," in ji maƙwabcin teburinta.

"Sau nawa ka kunna? Majinyaci na kwance, likitan ne ke suma. Shi za mu fara dubawa."

Ba ta gaggawa. Tana kashe rabin ƙarin kayan da aka jona wa abin bin kurakuran, ta gwada, ta ja layi a ɗan littafinta. Ya sake rufewa, ta kashe rabin sauran. Ina jin a gida ma haka take gano wanda ya fasa kofi: a sallami rabin yara, a tsare rabi.

A gwaji na shida abin ya tsaya da ƙafarsa, ya nuna layin da ke ɓarna. Ta lalubo takalminta da ƙafa ta saka.

Ko sunanta ban sani ba, amma kaina ya yi girma kamar ciki ɗaya muka fito.