Malam Sabi'u Bai Ce Oba Ba

Har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin da muka shiga rugagen bakin dajin Falgore rigakafin shanu ba. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi tsayin mutum. Ni ne direban ayarin, Dakta ne shugabanmu, sai malaman allura da ke bin ruga ruga a kan babur, kowa da kular magani ɗaure a baya.

Wayar hannu ba ta da sabis a can, shi ya sa aka sayo mana oba-oba. Da ni aka je sayen. Mun duba ƙarfin batir da nisan da take kaiwa. Mai shagon ya nuna mana wata wadda ke katse mai magana da kanta in ya daɗe, muka ce ba ma son abin da zai yanke wa mutum zance. Ga wanda bai sani ba, oba-oba ba kamar waya take ba. In ka danne madannin gefe, kai kaɗai ke magana, kowa na jin ka, kai kuwa ba ka jin kowa. In ka gama sai ka ce "oba", ka saki, wani ya samu hanya.

Malam Sabi'u, mutumin Yako, shi ne babba cikin malaman allura, kuma bai taɓa sabawa da wannan ƙa'ida ba. In ya danna sai ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali da gajiya.

"Malam, wannan fa ba gidan rediyo ba ne," in ji Dakta. "Ka ce oba ka saki."

"Ranka ya daɗe, ni ban iya yi wa mutane magana ba gaisuwa."

Ni kuwa Malam Ba-Oba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Habu sarkin hon.

Ran nan da hantsi ya tafi wata ruga ta ƙetaren rafi shi kaɗai. Muna zaune a gindin mota bayan azahar, sai oba-obar da ke aljihuna ta yi ƙara. Ba sallama, ba gaisuwa. Muryar Malam Sabi'u ce.

"Dakta, Habu, na faɗi. Ƙasa ta zabtare da ni cikin kwazazzabo. Babur na kaina."

Dakta ya danna tasa ya ce, "Malam, kana ina? Oba." Ya sake faɗa. Malam Sabi'u bai ji ba, ya ci gaba da maganarsa. Ya damƙe madannin bai saki ba. Ko zafin ciwo ne ya sa, ko hannun ne ya ƙage, Allah ne masani. Muna jin numfashinsa, muna jin kukan tsuntsaye a kusa da shi, amma ba mu da hanyar tambayarsa inda yake. Hanyoyin shanu kuwa a wajen sun fi a ƙirga, kuma kowacce rafin take nufa.

Muka ɗauki Ardon rugar da muke ciki da samari biyu, muka kama hanya ta farko. Ina tuƙi muryar tana fita daga aljihuna.

"Kun yi shiru. To, ba komai, na san kuna ji. Kular nan tana cikin rana, in kun zo ku fara sa ta a inuwa, kada allurar shanun mutane ta lalace."

Ardo ya juya kai gefe yana salati. Ni kuma na danna hon, ba don wata dabara ba, don dai ban san abin da zan yi ba. Sai Dakta ya kama kafaɗata.

"Habu, ci gaba da dannawa. Ardo, sa oba-obar nan a kunnenka. In mun kusa da shi, za mu ji hon ɗinmu a ciki."

Haka muka yi. Hanya ta farko ba komai, muka juyo. Ta biyu ma haka. A lokacin muryar ta yi ƙasa. Ya kira sunan Hajara, mai ɗakinsa, ya ce a gaya mata ta yi haƙuri, ta kula da tsohuwa. Ya ce duk wanda ya ɓata wa a wurin aiki ya yafe masa. Dakta yana ta amsawa, "Mun yafe, Malam, mun yafe," alhali ya san ba a jin sa.

A hanya ta uku Ardo ya ɗaga hannu. Can cikin oba-obar, ƙasa ƙasa, ga hon ɗina. Sai muka ji Malam Sabi'u ya ce, "Ga sarkin hon nan." Daga nan sai kalmar shahada, yana maimaitawa.

Mun same shi ƙasan gangare, ciyawa ta rufe bakin ramin. Samarin suka ɗaga babur ɗin. Yana da sauran numfashi, idonsa a buɗe. Na durƙusa na ce, "Malam, mun zo, saki haka nan." Ni na ɓamɓare yatsunsa daga madannin, oba-obar aljihuna ta yi tsit. Kafin mu kai asibitin Tudun Wada rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Ku da kuka zo bayanmu, in an aike ku sayen oba-oba, ku ɗauko mai katse magana da kanta, kuma kada ku bar kowa ya ƙetare rafi shi kaɗai. In kun danna, ku faɗi inda kuke tukuna, ku saki. Amma ku sani, wanda ciwo ya danne ba ya tuna ƙa'ida, abin da ya saba yi shi yake yi. Malam Sabi'u mutane ya tuna, da kular magani.

Washegarin rasuwar na je Yako na isar wa Hajara saƙonta. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kun amsa masa?"

Na ce, "Mun amsa."