Kaset Mai Jan Zare

Duk wanda na'urar sanyaya ɗakinsa ta taɓa mutuwa a unguwar Kudai ta Makka ana tsakiyar zafi ya san Hisham mai gyaran mukayyif. Dogo ne, tumbi ya fara leƙowa, gemu ya yi furfura, hannu kullum cikin baƙin mai. Lokacin Hajji yakan tafi Arfa gyaran na'urorin tantuna, ya dawo a ƙone. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani: in aiki ya ɗauke masa hankali sai ya kama fito, kuma fiton nan guda ne tun yana saurayi. Yana cikin yi sai ya katse, ya ce astagfirullah. Mutane suna ɗauka tsoron Allah ne kawai. Akwai tsoron Allah a ciki, amma akwai wani abu kuma.

A unguwar Nakkasa aka haife shi, a wani gida da ke manne da dutse. Mahaifiyarsa Rakiya ta ƙasa ta zo, ta Chadi ta Sudan, tana amarya. Uwarta Larai ƙafa ta gaza mata a Gadarif ta Sudan, aka bar ta wajen dangi da cewa baɗi za a aiko mata kuɗin jirgin ruwa. Baɗin bai zo ba. Da yake babu mai rubutu a cikinsu, da kaset suke gaisawa: tsohuwa ta zauna gaban rikoda ta yi ta zuba, a ba wani alhaji ya kawo. Na ƙarshen da ya iso, Rakiya ta saurara ta yi kuka har mijinta ya ce ya isa haka. Ba a jima ba labarin rasuwar Larai ya biyo baya. Rakiya ta ɗaura wa kaset ɗin jan zare don kada ya ɓace cikin na wa'azi, ta sa shi a ƙasan akwati, ta ce sai ranar da zuciyarta ta yi ƙarfi.

Hisham yana ɗan shekara sha huɗu abokinsa Yunus ya samo wani fim na Amurka daga Jidda. Wani ɗan sanda ne mai bakin tsiya, yana tsokanar manyansa, motoci suna ta karo, ana harbi ana dariya. Yaran ba su ji Turancin ba, ba su kuma damu ba. Abin da ya kama Hisham kiɗan ne. Babu ganga, babu goge, babu muryar kowa. Na'ura ce kawai take ɗiga sauti ɗaya bayan ɗaya kamar ruwa a kan kwano, sai wani mai kauri ya biyo ta ƙasa yana tura shi gaba. Yaron da ba shi da takardar zama, wanda ya saba raɓewa a lungu in ya hango motar jawazat masu kamen baƙi, ya ji kiɗan nan yana tafiya a tsakiyar titi hannu a aljihu, ba ya tsoron kowa. Ya so ya mallake shi.

Kaset sabo kuwa babu. Na wa'azin babansa ba su taɓuwa, don kullum ana jin su. Guda ɗaya ne a gidan da ba mai kunnawa.

Kada a ce bai sani ba, ya sani sarai. Ya ga zaren. Shi da hannunsa ya liƙe ramukan saman kaset ɗin da salatif don rikoda ta yarda ta ɗauka. Ya ce wa kansa ɗan wuri kaɗan zai ci a farko, inda ake sallama da gaishe-gaishe. Ya kara rikoda a jikin talabijin ɗin su Yunus. Na farko hayaniya ta shiga, aka mayar da fim baya. Na biyu Yunus ya yi tari. Haka suka yi ta maimaitawa, ya juya ɗaya gefen ma, sai kiran sallar la'asar ne ya tashe su. Kwana biyu ya ji daɗinsa a ɓoye, a na uku daɗin ya koma nadama. Ya ɓare salatif, ya mayar da kaset ƙasan akwati, bai sake taɓa shi ba.

Daga nan ya zama ɗan kirki, irin kirkin da har yake ba mutane haushi. Ƙannensa suka watse Jidda da Madina, shi ya zauna da uwa. Shi ke kai ta Masallacin Harami, shi ke yanke mata farce. Da rikodar gidan ta lalace, mutumin da ke farfaɗo da mukayyif ɗin da kowa ya yafe ya duba ta ya ce ba ta gyaruwa. Duk shekara in Rakiya ta ce, "Bana dai zan ji muryar Inna," sai ya ce, "In sha Allah, Umma, sai an samo musajjil, rikoda mai kyau, kada ya cinye zaren." Ita kuma ta ce Allah Ya yi masa albarka da wannan hankali nasa. Albarkar nan tana ƙona shi.

Da aka zo rushe ɓangarensu na Nakkasa suka koma haya a Kudai, komai na akwati ya fito fili. 'Yarsa Manar, wadda ba ta san komai ba sai son faranta wa kakarta, ta je haraj, kasuwar gwanjo, ta sayo tsohuwar rikoda mai aiki. Ranar Juma'a bayan an ci abinci ta dire ta a tsakiyar ɗaki tana murna.

"Hisham, ya waladi, zo ka sa mana," in ji Rakiya. "Hannunka ya fi sanin abin."

Ya durƙusa. "Umma, akwai maganar da..."

"Ba'adain, sai an jima. Sa tukuna, na gaji da jira."

Ya danna. Kiɗan ya fito tas, kamar jiya aka ɗauka. Manar ta yi dariya, ta ce an yi kuskuren kaset, sai ta ga fuskar ubanta, dariyar ta tsaya. Rakiya ta dubi rikoda, ta dubi ɗanta. Ta san fiton, shekara nawa tana jin sa a tsakar gidanta. Abin da Hisham ba zai yafe wa kansa ba shi ne, yana durƙushe gumi na zuba, babban yatsan ƙafarsa yana bin kiɗan a kan darduma. Ya danne shi da hannu. Har a wannan lokacin kiɗan daɗi yake masa.

Ya miƙa hannu zai kashe. "Bar shi," in ji Rakiya.

Suka zauna har gefen ya ƙare, ta ce a juya. Duk abin da Larai ta faɗa wa 'yarta, nasiha da ban haƙuri da sunayen waɗanda suka mutu, na'ura ta bi ta kai. Can dab da ƙarshe aka ji ƙarar maɓalli, kiɗa ya yanke, sai kukan akuya daga nesa, sai muryar tsohuwa a shaƙe:

"...shi ke nan, zaren ya kusa ƙarewa. Ki shafa min kan Hisham, yaron da ban taɓa gani ba. An ce yana da hankali. Allah Ya sa ya ji ƙanki, Rakiya, Allah Ya..."

Rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Rakiya ta goge ido da gefen mayafi. Ta san Hausar ɗanta ba ta da ƙarfi, rabinta Larabci ne, don haka ta tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba.

"Ka gane abin da ta ce, ko in fassara maka?"

"Na gane, Umma."

"To matso," ta ce. "Saƙo ne aka ba ni, ban isar ba."

Ya matso da gwiwa, ya sunkuyar da kan nan mai furfura, ta ɗora hannu a kai.