Kofin Ruwan Don Sabino

A garinmu Uyuni, wanda ya daɗe yana tuƙi a kan filin gishiri ana gane shi ta idanunsa: sun ƙanƙance, sun yi ja saboda farin haske. Irin idanun Don Sabino Calcina ke nan. A ƙauyen Colchani da ke bakin filin aka haife shi, a gidan masu saran gishiri. Ya fara da loda buhuna, ya koma tuƙa babbar motar da ke kwasar su, daga baya ya sayi tsohuwar mota mai jan taya huɗu, irin wadda giyarta ke canja kanta, yana kai baƙi kallon gishirin da ya girma yana sara. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Nélida, wadda ta koyi tuƙi a gefensa. Da ta kama hannu sai suka koma karɓa-karɓa: ya yi tafiya ɗaya, ta yi ta gaba.

Direbobi sun san shi da abu guda: ba da kunne yake sauraron mota ba, da bayansa ne. Yakan jingina da kujera ya yi shiru, can ya ce taya kaza ce, kuma a duba a tarar haka ne. Dalilinsa yana bakin filin, inda aka kafa wani ɗan gicciye da sunan amininsa Casiano. Farfelar motar Casiano ce, wato dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ta tsinke daga gaba ana cikin gudu. Kanta ya faɗi ya caki gishiri, motar ta tashi ta kife. Don Sabino yana biye da shi a ranar, kuma ya sha cewa Casiano ya yi makonni yana ƙorafin wata 'yar rawa da bai samu lokacin dubawa ba.

A daminar bara, lokacin da ruwa ya kwanta a kan gishiri har ba a rarrabe sama da ƙasa, hannun damansa ya fara rawa. Bai gaya wa kowa ba. Ya daina shan romo a kasuwa, ya koma sa hannun a aljihu idan ana hira. Ya san cewa ranar da maganar ta fito, ba baƙon da zai sake shiga motarsa. A cikin wannan hali ne, yana dawowa a kan kwaltar Colchani, ya ji motar tana masa wata siririyar rawa a ƙugu.

Nélida ce ke da tafiyar washegari, doguwar tafiya har ƙetaren filin, inda babu gari babu bakanike. Ya same ta a tsakar gida tana ɗaure jarkokin mai.

"Motar nan tana rawa," in ji shi.

"Baba, wace mota ce ba ta rawa a garin nan? Shekaranjiya na kai an daidaita tayoyi. An duba robobin da inji ke zaune a kansu. Lafiya lau."

"Ba ta taya ba ce. Ta taya takan zo da nauyi. Wannan siririya ce, kamar ƙuda a cikin kwalba."

Ta ja igiya ta ƙulle, ba ta ɗago ba. "Ni dai ban ji ba."

"To ni na ji."

Sai ta ɗago ta dubi aljihunsa, ba fuskarsa ba. "Baba, anya motar ce?"

Ashe ta sani. Idan ya yi shiru, maganar ta mutu a nan, ta tafi da motar. Idan ya nace, dole ya kawo shaidar da ba ta bi ta jikinsa ba, kuma dole ya zauna a gefe 'yarsa ta tuƙa, tana kallon hannun a fili.

Ya shiga kicin ya fito da kofin tangaran da yake shan kunun masara, ya zuba ruwa rabi, ya kafa shi da tsumma a ƙasa tsakanin kujerun gaba. Ya miƙa mata makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, ya fitar da hannayensa biyu ya ɗora a gwiwa. Na daman yana ta kaɗawa. Nélida ta kalli titi.

"Kada ki sa giya tukuna. Taka totur a tsaye."

Inji ya yi gurnani ya sauka. Ruwan bai motsa ba.

"Kin gani, ba inji ba ne. Mu hau kwalta."

Suka fita bayan gari. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska tana kaɗa ledoji a jikin ƙaya. A ƙaramin gudu ruwan lilo kawai yake yi, irin na kowace hanya. Da allurar ma'aunin gudu ta doshi tamanin, sai fuskar ruwan ta tattare, ƙananan zobba suka taso suna karo da juna a tsakiya.

"Duba ƙasa, sau ɗaya."

Ta duba. Ta mayar da ido kan titi, ta gyara zama.

"Sa ta a firi, ki bar ta ta gangara."

Ƙarar inji ta faɗi, amma zobban suna nan.

"Da inji ne ko giya, da sun kwanta tare da ƙarar. Gudun motar suke bi. A sitiyari kike ji ko a kujera?"

Ta jingina da kujera tana saurare. "A kujera," ta ce a hankali.

"To daga baya take. Mayar da giya. Saki totur, ki sake takawa."

A ƙarƙashinsu wani abu ya ce ƙas, ba da ƙarfi ba. Daidai lokacin suna wuce hanyar da ke gangarawa zuwa gicciyen Casiano. Babu wanda ya waiwaya.

Suka zarce wurin Tiburcio, mai wankin ƙarƙashin motoci. Duk motar da ta fito daga filin sai ta bi ta raminsa, domin gishiri yakan daskare a cikinta kamar dutse, sai an feshe shi da ruwa an ɓamɓare da sandar ƙarfe.

"A'a, tsoho a kujerar baƙi?" in ji Tiburcio. "Ko kai ma hoto ka zo ɗauka?"

"Matsa min daga rami. Kai da kake wuni cikin ruwa, amma wuyanka bai taɓa ganinsa ba."

Don Sabino ya sauka da sifana. Ya ɗaga hannu zai kama farfelar, sai sifanar ta shiga kaɗawa a jikin ƙarfen, ƙil ƙil ƙil, ramin yana amsawa. Tiburcio ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa. Nélida ta sauka ta karɓi sifanar.

"Kama ta kusa da giya, ki murɗa nan da can."

Ta murɗa. Farfelar ta yi wasa a hannunta inda bai kamata ta motsa ba. A bakin mahaɗin farfelar da giya, mai siffar gicciye, akwai jan garin tsatsa kamar na barkono.

"Shafa jikinta har baya. Me kika ji?"

"Akwai wani tabo. Kamar wurin walda, amma babu komai a kai."

Tiburcio ya sosa ƙeya, ya je ya ɗauko gwangwaninsa. Yakan tara duk abin da ya faɗo tare da gishiri daga cikin motoci: noti, washa, guntun waya, ko mai shi zai zo nema. Ya zazzage a ƙasa ya tsinto wani ɗan faifan ƙarfe mai lanƙwasa, bai kai tafin hannu ba, tsatsa ta cinye gefensa. Nélida ta kara shi a kan tabon, ya zauna daram. Shi ne nauyin da aka liƙa tun daga masana'anta don farfelar ta juya daidai. Gishiri ya ci waldarsa, sanda ta ƙarasa shi, tun daga nan farfelar take juyawa a karkace tana cin mahaɗinta.

"Wallahi na ɗauka ɓawon tsatsa ne," in ji Tiburcio.

"Ba laifinka ba ne," in ji Don Sabino. "Da ma ya kusa."

Da suka kwance mahaɗin, siraran allurorin cikinsa suka zubo a tafin Nélida, rabi sun zama gari. Ta daɗe tana kallon su.

"Da zai kai ni ƙetare?"

"Da zai kai ki tsakiya," in ji mahaifinta.

Aka ɗaga tafiyar. Aka sa sabon mahaɗi, aka kai farfelar wurin mai injin juya ƙarfe ya daidaita ta. Suka sake hawa kwalta da kofin a wurinsa, allura ta wuce tamanin, ruwan ya kwanta lumui. A bakin filin Nélida ta tsaya domin su zuba wa ƙasa rabonta na ruwan, kamar yadda ake yi kafin kowace tafiya. Don Sabino ya ɗauki kofin, amma kafin ya fitar da shi ta ƙofa ruwan ya fantsame a wuyan hannunsa da wandonsa. Ya juye ɗan abin da ya rage. Sannan ya ciro makullinsa daga zaren da ke wuyansa ya ajiye a kan cinyarta.

"Baba, ba wanda ya ce..."

"Kofin ma ki bar shi a motar."

Yanzu a bakin ramin Tiburcio yake wuni, yana tauna ganyen koka, wanda mutanenmu ke ci kamar goro. Direbobi sukan ɗauke shi zuwa Colchani su dawo, ya jingina da kujera ya faɗi abin da ya ji, har yanzu bai yi kuskure ba. Rawar jikinsa ta kama hannun hagu ma, kwanan nan ta hau kafaɗa. Idan suna tafiya, wani lokaci yakan ce direba ya tsaya ya kashe inji. Sai ya zauna cikin shirun, idonsa a rufe, yana sauraron bayansa, ko rawar ta iso can.