Duk Ɗaya ga Janairu Aka Haife Mu

Shekara shida na yi ina bin harsunan kwamfuta a guje, ban cim ma ko ɗaya ba. Ka zauna ka koyi PHP har ka fara jin kai ma wani ne, sai a ce ya tsufa, yanzu Python ake yayi. Ka koma can, a ce wanda bai iya JavaScript ba ya nemi wata sana'a. Bana kuma labarin da ake yi shi ne na'ura za ta riƙa rubuta komai da kanta, mu mu koma gona. To ni dama daga gonar na fito, wani ƙauye tsakanin Danja da Bakori, kuma a can na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ƙungiyar manoman masara ta yankinmu ce ta nemi in yi mata manhajar rajista, domin masu kawo mata taki daga Funtua sun ce sun daina karɓar littafi, sai jerin sunaye a kwamfuta. Na karɓi aikin jiki na rawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya fi ni murna. Ba majalisar da bai kai labarin ba, wai ɗansa ne zai saka kowa a cikin waya.

Mako biyu muna rajista a gindin wata ɗorawa. Abu huɗu manhajar ke tambaya: suna, sunan uba, ƙauye, ranar haihuwa. A na huɗun ake yin cirko-cirko. Wani ya ce shekarar da fari suka cinye gero aka haife shi, wani ya ce ya girmi rijiyar kasuwa da kaɗan. Manhajar kuwa ba ta matsawa in an bar gurbin fanko, kuma ni na hana ta, don haka na ga masu koyarwa a intanet suna yi. Sai in dubi furfurar mutum in yanke masa hamsin ko sittin, in rubuta ɗaya ga Janairu. Kafin mu gama, kusan duk dattawan yankin rana ɗaya aka haife su.

Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya ja ni gefe ya ce in sa ido, akwai masu wayon da za su yi rajista sau biyu. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Layi huɗu kacal na rubuta: in suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a bar na farko a share na biyu. Na danna, jerin ya ragu, na ji daɗin kaina ƙwarai. Ko leƙa waɗanda aka share ban yi ba na tura Funtua.

Abin da ke cina shi ne a garin nan na tashi. Na san a unguwa ɗaya za ka tarar da mutum huɗu masu suna ɗaya, iyayensu ma sunansu ɗaya. Da laƙabi muke rabe su: na bakin rijiya, mai jan sa, dogo, na gidan tsamiya. Jaririn goye ma ya san wannan. Ni mai ilimin kwamfuta ban yi wa laƙabi gurbi ba.

Motar taki ta iso a makare, masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara yin rawaya. Duk manomi ya san in mako ya wuce a haka, sai dai a yi haƙuri da abin da aka samu. Aka taru, ina kiran suna ana ɗaukar buhu. Da na kira sunan Kawu, mutum biyu suka miƙe, shi da wani tsoho takwaransa mai ɗingishi. Lambar da ke kan katin rajistar tsohon ita ce a jerin. Kawu ya koma ya zauna, yana jira in sake kiransa. Na kai ƙarshen jerin ban kira shi ba, da shi da wasu da dama, duk suna kallona.

Nan take na gane abin da ya faru. Na buɗe kwamfutar a kan buhu. Gyaran bai ɗauke ni minti biyu ba, sunayen duk suka dawo. Amma buhunan da aka loda daidai da tsohon jerin ne, kuma an riga an kwashe su.

Na hau babur na nufi Funtua. A rumbun takin na sami ma'aikacin da ke kula da lodi, na yi masa bayani.

Ya ce, "Malam, ku kuka aiko. Abin da muka gani shi muka loda."

"Don girman Allah ka taimaka mani, kuskurena ne, ba nasu ba."

"Na ji. Amma rabon bana an rufe, abin da ya rage na wasu ƙungiyoyi ne."

Kwana uku ina zarya, har durƙusawa na yi a gaban mutumin da bai girme ni ba, wataƙila ma ni na girme shi. Ban samo ko tiya ɗaya ba. Takin kasuwa kuwa a tsakiyar damina ba na irinsu Kawu ba ne, ni ma ba ni da halinsa. Da masarar nan yake ciyar da mutum goma sha ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi na sami Kawu a gona yana cire ciyawa. Na gaishe shi na tsaya. Bai yi mani faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Abu guda nike son in sani. Ita na'urar taka, ya aka yi ta zaɓi takwarana ta bar ni?"

Na ce, "Kawu, ba zaɓa ta yi ba. Wanda ya riga yin rajista take bari."

Ya kakkaɓe ƙasa daga saiwar ciyawar da ke hannunsa.

"Ai ni na riga shi zuwa ranar. Na ga ƙafar na damun shi, na ce ya wuce gabana."

Na tsuguna a tsakanin kunyoyin gonar. Ya dubi masarar, ya dube ni.

"Kar ka kuskura ka faɗa mashi. In ya ji, rabin buhun zai kinkimo ya kawo mani, shi ko ɗayan ma bai isar shi."